ƊAKI CIKE, RUMBU WAYAM

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai da ƙananan ma'aikata 'yan asalin Ikara da Maƙarfi da Kudan



Muna godiya ga shugabannin wannan taro da suka ba mu damar tsayawa gabanku. Batun da aka ɗora mana shi ne yawan tarkace a gidajenmu, da hanyar da za a bi a rage shi. Mai yiwuwa wani ya ce, ƙasa tana fama da tsadar abinci da rashin aikin yi, me ya kai ɗalibin jami'a zancen kwanuka da labule? To, sai mu tuna masa cewa cikin kwanukan nan da labulen nan ne noman shekara guda na magidanci yakan shige. Bugu da ƙari, yawancin waɗanda ke zaune a nan, kafin shekara 5 ta cika, za su tsaya gaban wannan al'amari, ko dai a matsayin ango, ko amarya, ko kuwa yayan amarya wanda za a dubi albashinsa a ce lokaci ya yi. Saboda haka za mu tsayar da maganarmu a kan wurin da tarkacen gidan Bahaushe yake soma taruwa, watau ɗakin amarya.

Asalin jere

Kafin a rushe abu, wajibi ne a san dalilin da ya sa aka gina shi. Kakanninmu mata ba don wauta suka ƙago jere ba. A zamanin da, kayan ɗaki su ne ƙore da ludayi da faifai da akushi da tukwanen ƙasa da tabarma, sai tasoshin tagulla ga masu hali. Lefe kuwa, wanda yau ya zama sunan jerin akwatuna, asalinsa kwando ne na kaba da ake zuba 'yan zannuwa a ciki. Daga baya kwanukan ƙarfe masu fenti suka shigo daga ƙasashen waje, kana aka kafa masana'antun yin su a Ikko da Kano, sai kwalla da samira da fanteka da langa suka ture ƙwarya. Gadon ƙasa ya ba gadon ƙarfe mai rumfa wuri, lefen kaba ya koma fantimoti.

Abin lura shi ne, a duk waɗannan sauye-sauye jere bai bar aikinsa ba, kuma aikin nan iri uku ne. Na farko, shi ne taskar mace. Matar da ba ta da gona, ba ta zuwa kasuwa, ba ta san ƙofar banki ba, tana da dukiyar da take kallo da idonta kullum safiya, wadda miji ba shi da iko a kanta. In ciwo ya kama yaro, ko rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar damina, sai ta kira dillaliya ta miƙa mata kwalla ɗaya, kafin la'asar kuɗi sun shigo hannu. In aure ya mutu ta kwashe abinta. In ya ɗore, ta ajiye wa 'yarta. Na biyu, jere shaida ne cewa yarinya tana da mutane. Kowane kwano yana da sunan wadda ta kawo shi, ko gwaggo, ko inna, ko ƙawar uwa da ake biki da ita. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau cikin 1949 da 1950, zai ga yadda hidimar aure take tafiya a kan zumunci da ramuwar biki tsakanin mata. Haka nan Barbara Cooper, a littafinta na 1997 game da aure a Maraɗi, ta nuna cewa kayan ɗaki suna bayyana darajar mace da yawan jama'arta. Na uku, ado ne, kuma babu laifi ga ado.

Yadda taska ta koma kaya

To, ina aka sami matsala? An same ta ne ranar da kayan suka sake hali, alhali al'adar tara su ba ta sake ba. Tasar tagulla tana shekara 40 ba ta canza ba. Samira ko ta tsufa tana da mai saye. Amma dubi abin da ake jerawa yau: gado da sif da madubi na katakon da aka yi da dusar katako aka matse, wanda damina biyu ta isa ta kumbura shi, saitin kujeru masu soso, kabet cike da tangaran, kuloli saiti-saiti, robobi launi-launi, labule mai hawa biyu, kafet daga bango zuwa bango. Ranar da aka sauke su daga mota, ranar darajarsu take soma zubewa. Bayan shekara 3 yayi ya wuce, dillaliya ko ta karɓa sai a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ke nan abin da dā yake ajiyar dukiya ya zama hanyar ƙonata.

Tarihin ƙasar nan ya taimaka wajen haka. Kuɗin man fetur na shekarun 1970, da ƙarin albashin Udoji wanda aka biya ma'aikata tare da ariyas a farkon 1975, sun buɗe wa mutane ido ga kayan shigowa: rediyo, babur, firji, talabijin, kujerun kushin. Abin da babban ma'aikaci ya yi wa 'yarsa a Kaduna, shi attajirin Zariya ya kwaikwaya, shi kuma manomin Gubuchi ko Likoro ko Paki ya hanga ya ce ba za a bar tasa 'yar a baya ba. Sa'an nan arziki ya juya baya. Aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, aka karya darajar naira a 1986. Nairar da a 1980 ta fi dalar Amurka daraja, a 2024 sai da aka tara fiye da 1,500 kafin a sayi dala ɗaya. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, farashin kome ya tashi. Samu ya ragu, amma jerin abin da ake sa rai a gani a ɗakin amarya bai ragu da ko cokali ɗaya ba. Ƙaruwa ma ya yi.

Bari mu yi ɗan lissafi. Ɗakin da aka saba ginawa ƙafa 12 ne tsawo, 12 faɗi, watau murabba'in ƙafa 144. Gado mai ƙafa 6 sau 6 ya cinye 36, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. A ɗora sif, a ɗora madubi, a ɗora kabet da akwatunan lefe, a bar wurin buɗe ƙofa. Abin da ya rage da ƙyar ya ishi mutum ya shimfiɗa abin salla. Sau da yawa sif ɗin ma a jikin taga ake kafa shi, domin babu wani bangon. Ga ɗaki an kashe masa dukiya, amma maigida da baƙinsa suna zaune a waje, yara kuma an hana su shiga kada su fasa wani abu.

Wannan ya shafi lafiya kai tsaye, kuma 'yan'uwanmu da suka yi karatun kiwon lafiya a Maƙarfi sun fi mu sani. Bayan sif da ƙarƙashin gado, inda tsintsiya ba ta kaiwa, nan ne gidan sauro da kyankyaso da ɓera, ɓera kuwa shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa da aka gano a ƙasar nan tun 1969. Ɗaki mai cunkoso marar iska, a watannin zafi, shi ne abin da ciwon sanƙarau yake so, kuma Arewa ba ta manta da annobar 1996 ba. Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da ake leƙa randa da kwata. Yau da duba-gari zai dawo, ba randa kaɗai zai leƙa ba.

Wa ke biya?

Ƙasarmu ƙasar noma ce. Maƙarfi da Kudan sun yi suna da rake da mazarƙwaila, Ikara da tumatir da barkono, ga masara da dawa da waken soya ko'ina. Kowa ya san cewa bukukuwan aure sun fi yawa bayan kaka, domin a lokacin ne manomi yake da abin hannu. Kowa kuma ya san cewa a lokacin ne farashin amfanin gona yake faɗuwa ƙasa, saboda kowa ya kawo nasa kasuwa. Uban amarya ba shi da damar jira. Kafinta na jiransa, mai kujeru na jiransa, ga gara da za a kai gidan ango: shinkafa da mai da alkaki da nakiya da dubulan. Sai ya buɗe rumbu ya sayar da arha, ɗan kasuwa ya saya ya ɓoye. In damina ta faɗi, shi wannan manomi ne zai koma ya sayi hatsin nan da tsada, ya kuma nemi bashin taki. Wani ya sayar da raken da ke tsaye a gona tun bai ƙosa ba. Wani ya jinginar da gonar kanta. In kuwa shekara ta zo da masifa, kamar 2016 da tsutsa ta cinye tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, sai a ɗaga biki, ko a yi shi da bashi tsantsa. Ƙarshenta gara ta ci hatsin, gara kuma ta ci gadon.

Mai biya na biyu ita ce yarinyar kanta, tun kafin ta san za ta yi aure. Binciken da Enid Schildkrout ta yi a Kano a ƙarshen shekarun 1970, daidai lokacin da aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, ya nuna cewa ɗaya daga manyan dalilan ɗora wa 'ya'ya mata talla shi ne tara kuɗin kayan ɗaki. Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano ya tsaya a tashoshinmu, zai ga 'yan mata da faranti a ka a lokacin da ya kamata suna aji. An musanya karatun yarinya da kulolin da ba za ta zuba abinci a cikinsu ba sai ranar suna.

Mai biya na uku shi ne aure. Saurayi yana da sana'a, budurwa ta yarda, iyaye sun amince, amma an shekara biyu ana jiran akwati da gado. Amaryar da aka kai da kaya kaɗan kuwa, gori ya ishe ta daga dangin miji da kishiya, har abin ya zama sanadin yaji. Nauyin ya kai inda gwamnati take sa hannu. A Kano, tun 2012 hukuma take ɗaukar nauyin aurar da zawarawa da 'yan mata, a Oktoban 2023 ma an ɗaura aure 1,800 a shiri ɗaya, kuma gado da katifa suna cikin manyan abubuwan da aka raba. Al'adar da sai baitulmali ya tallafa mata kafin talaka ya iya sauke ta, lalle tana bukatar a sake duba ta.

Maza ma ba su kuɓuta ba

Kada 'yan'uwanmu maza su gyara zama su ce wannan fa laifin mata ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wa ke shiga ɗakin amarya ya fito yana ba abokai labari? Wa ke auna darajar surukai da tsayin sif? A leƙa zauren magidanci a gani: mataccen janareto, tsohon babur da ya shekara 7 yana jiran makanike, tayoyi, buhunan taki da babu kome ciki, rediyon da ba ta magana. A leƙa ɗakin ƙaramin ma'aikaci: shadda dinki 20 alhali mako kwana 7 ne, huluna da takalman da ya manta yana da su, tsofaffin wayoyi cike da aljihun tebur, takardun lacca tun na shekarar farko waɗanda bai sake buɗewa ba. Mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne. Mai irin wannan albashi, ko ninkinsa, in ya ci bashin banki ya sayi kujeru da talabijin mai faɗin bango, ya sayar da albashin shekara biyu ke nan tun bai karɓa ba. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki kuwa, sai ya nemi babbar mota, rabin kayan su karye a hanya.

Ba baƙon abu ba ne

A ƙasashen da suka ƙoshi, rage kaya ya zama yayi. Wata 'yar Japan mai suna Marie Kondo ta rubuta littafi a kan haka, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 2014, ya bazu a duniya. Shawararta ita ce mutum ya ɗauki kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe abin da ke faranta masa rai, ya sallami sauran. Shawara ce mai kyau ga wanda shi ya sayi kayansa da kansa don son ransa. Namu ciwon dabam ne. Uwar amarya a Hunƙuyi ba don kuloli suna faranta mata rai take saye ba, tsoron bakin mutane ne. Don haka maganinmu ba zai zo daga mutum ɗaya a cikin ɗakinsa ba, sai an haɗa da dangi da unguwa.

Ba ma kuwa bukatar aron hujja daga nesa. Alƙur'ani mai girma ya hana almubazzaranci kamar yadda ya hana ƙwauro. Littattafan hadisi sun kawo cewa kayan da aka kai Nana Faɗima da su gidan Sayyadina Ali ba su wuce mayafi da salkar ruwa da matashin kai da 'yan abubuwa makamantansu ba. A Mukhtasar na Shaihu Halilu, wanda alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna hukunci da shi, an ɗaure kayan ɗakin amarya ne da gwargwadon sadakin da ta karɓa. Yau kuwa sadaki, wanda shi ne wajibi, ya zama mafi ƙanƙanta cikin kuɗin da ake kashewa, abin da ba wajibi ba ya haɗiye gona. An rawaito cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai tara tufafi ba, rawani ɗaya ya ishe shi. Ƙanensa Abdullahi, a 1807, ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas saboda ƙyamar son duniya da ya gani ya soma shiga jama'a. Malam Aminu Kano ya rasu a 1983 a gidansa na Gwammaja, bai bar benaye ba, amma har yau ba a daina ambatonsa ba.

Abin da muke ba da shawara

Ba mu ce a kai amarya ɗaki wayam ba. Yin haka zalunci ne, domin an ƙwace mata taskar da kakanninta suka tanadar mata ba a ba ta madadi ba. Abin da muke cewa shi ne a riƙe manufar jere, a sake masa siffa.

Na farko, kowane abu da za a saya, ko wanda yake cikin gida yanzu, a yi masa tambaya uku. Ana amfani da shi? In an matsu, zai sayu da daraja? Da kuɗin hannu aka saye shi ko da bashi? Abin da ya faɗi a tambayoyin nan duka, nauyi ne kawai.

Na biyu, a raba kuɗin kayan ɗaki gida biyu. Kashi ɗaya a sayi abin bukata mai ƙarko: gado na katakon gaske, katifa, tukwane, murhu, kwanukan da za a ci abinci da su, da ɗan abin ado daidai ɗakin. Ɗaya kashin a mai da shi dukiyar da ke haihuwa, da sunan amarya, a gaban shaidu: tumaki ko awaki, keken ɗinki, injin markaɗe, jarin sana'a, ɗan fili, ko kuɗin ƙarasa makaranta. Tunkiya tana haihuwa, kabet ba ya haihuwa. Wannan shi ne ainihin abin da tasar tagulla take yi wa kakarmu.

Na uku, dangin ango su ne za su fara magana. Iyayen amarya ba za su iya cewa a rage ba, kunya ba za ta bar su ba. Amma in waliyyin ango ya aika tun ranar sa rana cewa ɗakin ƙafa 12 ne, ga abin da zai ɗauka, kuma sun yafe gara, to, an sauke wa gida guda dutse daga ka. Ango kuma ya tsaya ya kare matarsa daga gorin 'yan'uwansa mata. In ya kasa wannan, duk abin da ya faɗa a taro irin na yau iska ne.

Na huɗu, kowane gida ya sa wa kansa lokaci sau ɗaya a shekara, misali kafin azumi, a fito da kome tsakar gida. Abin da aka shekara ba a taɓa ba, in mai kyau ne a ba wanda zai amfana, ko maƙwabci, ko almajiri, ko wata marainiya da za a aurar. In ƙarfe ne ko roba a kira 'yan gwangwan su auna su biya. Sauran a zubar inda ya dace. A janye sif daga jikin taga. A tuna kuma, tufafin da ke ruɓewa a akwati ba ya amfanar mai shi, ba ya amfanar mai tsiraici.

Na biyar, hukumomi da masarautu a wurare dabam-dabam sun sha kafa ƙa'idodin rage tsadar aure, amma doka ba ta shiga ɗakin amarya ta ƙirga kwano. Abin da ke shiga shi ne koyi. Talaka in ya rage, a ce babu ce ta sa shi. Mai digiri da albashi in ya rage, a ce ya san abin da yake yi. Yadda yayin nan ya gangaro daga gidajen ma'aikata zuwa ƙauye, haka maganinsa zai gangaro. Saboda haka nauyin yana wuyanmu, mu da aka sayar da rake da masara aka biya mana kuɗin makaranta.

'Yan'uwa, Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, sun kuma ce daidai ruwa daidai tsaki. Muna roƙon kowane ɗalibi da ɗaliba da ke nan, in an koma gida hutu, a zauna da iyaye mata a yi wannan magana cikin ladabi, domin su ne suka san zafin abin fiye da kowa, su ne kuma za su iya sauya shi. A tambaye su nawa aka kashe a bikin ƙarshe da aka yi a gidan, me aka sayar, bashin nawa ya rage, kuma cikin kayan nan wanne ake amfani da shi yau. Amsar da za su bayar ta fi duk abin da muka faɗa a nan ƙarfi.

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa albarka a abin da muka mallaka, ya rufa wa iyayenmu asiri.